Matar da Aka Hana Warkewa

Ranar da aka sallamo Inna Murja daga asibiti, likitan da ya yi mata aikin gwiwa magana ɗaya ya yi ta nanatawa, Ishaq yana fassara mata. Ta riƙa tafiya. Da safe tafiya, da yamma tafiya, ko da daga ɗaki zuwa falo ne, ko tana jin zafi. Gwiwar da aka saka mata ta ƙarfe ce, in aka bar ta a kwance sai ta ƙage kamar ƙyauren da aka daina buɗewa.

"Ce masa ya kwantar da hankalinsa," in ji Inna. "Zama ne ban iya ba."

Ishaq ɗan yayarta ne. Karatu ya kawo shi Alƙahira, karatun ya ƙare, shi bai koma ba. Yana zaune a unguwar Abbasiya, hawa na huɗu, shi da matarsa Fauziyya, kuma shi ne shugaban wata 'yar ƙungiya mai suna Inuwar Baƙo. Aikinsu marasa lafiyar da ke zuwa daga gida neman magani. Su tarbo mutum a filin jirgi, su nema masa ɗaki, su yi masa tafinta a gaban likita, in guzurinsa ya ƙare su roƙa masa jama'a a Fesbuk. Kowa Ustaz Ishaq yake ce masa. Inna ce kaɗai ke ce masa Isiyaku.

Gara in faɗa tun yanzu, Ishaq ba ɓarawo ba ne. Abin da aka bayar yana kaiwa inda aka ce a kai. Da ɓarawo ne ma, da abin ya zo wa Inna da sauƙi.

Kafin a yi mata aiki ya ɗauke ta hoto tana kwance, ta dafe kunci, ciwo ya karkatar mata da baki. Ya saka a shafin ƙungiya. Hoton nan ya yi tafiyar da mai shi ba ta taɓa yi ba, ya je Kano, ya je Jidda, ya je Landan. Aka biya aikinta, har aka samu rara aka yi wa wasu.

Inna kuwa ta kama tafiya kamar yadda aka ce. Ta fara da falo, tana dogara sanda. Ta koma matakala. Kafin wata ya zagayo tana sauka har titi tare da Mahasin, wata Bahaushiyar Sudan mai yi wa amare lalle, wadda ke zaune a hawan da ke ƙasa da nasu. Su je wurin mai wake, su je wurin mai tumatur, Inna ta yi ta ciniki da Hausa, mai tumatur yana rama mata da Larabci, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci riba.

Abin da ke ranta ɗaya ne. Autarta Husaina tana da cikin fari, kuma bayan ƙaramar Sallah za ta dawo gida Gumel haihuwa. Tun kafin Inna ta taho ta sa aka jibge mata itacen wankan jego a bayan ɗaki.

"Ni zan dafa ruwan, ni zan riƙe ganyen," take ce wa Mahasin. "Yarinyar nan tsoron ruwan zafi gare ta. In ba ni ba, wayo za ta yi wa kowa."

Ana saura kaɗan azumi aka gayyaci Ishaq wani horo a wani otal a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, na koya wa ƙungiyoyi dabarun sadarwa da tara gudummawa. Ya dawo da sabuwar jaka a kafaɗa da wani irin haske a ido. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya tara su a falo.

"Inna, yau na gane inda muke kuskure. Daktorar da ta koyar da mu ta ce mutane ba sa tausayin taro. In ka ce ga marasa lafiya da yawa, sai a wuce. In ka ce ga wance, ga idonta, sai hannu ya shiga aljihu. Fuska ɗaya, labari ɗaya. Hotonki ta haska a bango, Inna, a gaban Misirawa da 'yan Sudan da kowa. Ta ce ga misali."

"Wanne? Wanda bakina ya karkace?"

"Shi. Daga yau ke ce fuskar ƙungiya."

"To, Allah Ya sa alheri. Yaushe za ka yanko mini tikitin?"

Ishaq ya gyara zama. Ya ce azumi shi ne kakar masu neman gudummawa, abin da ba a tara a cikinsa ba sai kuma baɗi. Ya ce Daktora ta ja musu kunne, kada labari ya ƙare ana tsakiyar kamfen.

"Saboda haka, Inna, so nake ki ɗan jinkirta warkewar zuwa bayan Sallah."

"In jinkirta me?"

"Ba ta gasken ba. Ta waje. A cikin gida ki warke yadda kike so."

Inna ta dubi Fauziyya, Fauziyya ta dubi carbinta.

Titi aka fara hana ta. Abbasiya cike take da ɗalibai 'yan gida, kowa da waya a hannu, har wani ya riga ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa Masha Allah ya ga Inna a wurin mai tumatur. Ishaq ya goge da sauri, ya ce wannan ya nuna saƙon ƙungiya yana yoyo. Aka hana ta matakala. Aka ja labulen baranda, don gidan da ke fuskantarsu ma ɗalibai ne. Mahasin ta hawo sau da yawa, kullum a ce mata Inna tana barci.

Sai masu bayarwa suka fara zuwa dubiya, kuma ba sa faɗin ranar zuwansu. Aka yi doka, da zarar an danna ƙararrawa Inna ta koma gado ta ja bargo. Duk zamanta a Masar ba ta taɓa saurin da ya kai wannan ba, daga kicin zuwa gadon jinya, sanda na ƙwas ƙwas. Wani lokacin ta gama kwanciya ta dafe kunci, sai a ga mai kawo tukunyar gas ne.

Wata rana Alhaji Badamasi ya zo. Ɗan kasuwa ne mai aika abaya da turare gida, kuma ya fi kowa bayarwa. Ya zauna a bakin gado ya yi mata addu'a mai tsawo. Da zai fita ya ga sanda a jingine a ƙofar kicin.

"Ashe ta fara takawa?"

"Ina fa, Alhaji," in ji Ishaq. "Mun saya ne don mu ƙarfafa mata zuciya."

Alhaji na fita Ishaq ya ɗauki sandar ya ɗora a saman kwaba, can inda sai an taka kujera.

"Isiyaku, sandata."

"Ma'alish, yi haƙuri, Inna. Sanda tana aika saƙon da ba shi muke so ba."

Fauziyya ba muguwa ba ce ita ma. Ita ke kawo ruwan alwala, ita ke wanke kaya. Abin da take cewa shi ne, "Inna, hutu ne Allah Ya kawo miki. Shekara nawa kina wahala? Wasu nema suke ba su samu ba." Ita ce ta kwashe atamfofin Inna masu haske ta bar mata wani koɗaɗɗen zane, ta ɗauke tandun kwalli. Da zaman ya sa Inna ta ɗan yi kumatu, masu sharhi suka fara cewa jiki ya yi kyau, sai aka rage mata mai a miyar buɗa-baki.

Duk Juma'a ake ɗaukar sabon hoto.

"Inna, kalli taga. A'a, ba kamar kina jiran mai nono ba. Kamar kina tuna wani abu da ya ɓata."

"Ina tuna akuyata."

"Yawwa. Tamam. Riƙe haka."

Hotunan suka isa Gumel. Husaina ta kira tana kuka, ta ce an nuna mata a wayar mijinta, jikin ya tashi ne?

"Hoto ne kawai, 'yar nan. Lafiyata lau. Yayanki ne yake sana'arsa."

Da farko Inna ba ta bi dokar duka ba. In Ishaq ya fita sai ta dafa bango ta zagaya ɗakin, ta lanƙwasa gwiwar a bakin gado. Ran nan ya dawo da wuri ya same ta a tsaye a tsakiyar falo, ba sanda, ba bango. Ta yi masa dariya, tana jiran ya ce barka. Bai ce ba. A bayansa akwai baƙi biyu suna hawowa, Allah Ya sa numfashi ya tsayar da su a hawa na uku. Da suka tafi ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Likita ya ce in yi tafiya, Isiyaku. Da bakinka ka fassara."

"Na sani, Inna. Amma akwai wata yarinya 'yar Damagaram a asibiti, Zara. Ƙodarta ba ta aiki. Hotonki ne yake biyan wankin da ake mata. Na saka nata hoton, ba wanda ya tsaya, ita ba ta da irin fuskarki. In aka gan ki a tsaye, khalas, shi ke nan, an rufe hannu. Ke ki tashi, ita ta kwanta. Zaɓi ya rage naki."

Ba ƙarya ya yi ba, akwai Zara, akwai ƙodar. Inna ta daɗe tana kallon ƙafarta. Ta tambayi shekarun yarinyar, ya gaya mata. Ta ja bargo da kanta.

Daga ranar ba ta ƙara zagaya ɗakin ba. Sallah a zaune, alwala a roba. Zafin Alƙahira ya sauko, wuta na ɗaukewa tana dawowa, fanka ta tsaya ta tashi, Inna tana kwance tana sauraron titi: mai gas yana buga ƙarfensa, masu ƙananan bas suna kiran fasinja, Ramsis, Ramsis. Tana gane muryar mai tumatur ɗinta a cikinsu.

A goman ƙarshe ta kira shi.

"Isiyaku, ƙafar nan ta daina jin maganata. Ina ce mata lanƙwashe, sai ta yi kamar ba da ita nake ba."

Ishaq ya ɗago daga wayarsa, fuskarsa ta washe.

"Haka za ki faɗa wa Alhaji gobe, Inna. Daidai haka, kada ki canza ko kalma."

Aka yi Sallah. Kamfen ya yi kyau fiye da kowace shekara. Bayan Sallah aka sake kiran su otal, zagaye na biyu na horon. Ishaq ya dawo da wata jakar, ya wuce kai tsaye ɗakin Inna, ya taka kujera ya sauko da sanda, ya goge mata ƙura da hannun rigarsa.

"Albishirinki, Inna. Kin warke."

"Yaushe?"

"Yau. Daktora ta ce zamanin tausayi ya wuce. Yanzu masu bayarwa sakamako suke son gani, a nuna musu abin da kuɗinsu ya yi. Za mu ɗauke ki bidiyo kina tafiya a kan gadar Nilu, mu haɗa walimar godiya mu haska musu. Na riga na sanar da rana. Daga nan sai tikiti. Yalla, bismillah."

Inna ta karɓi sandar. Ta zuro ƙafar hagu ƙasa. Ta dama ta biyo ta a miƙe kamar taɓarya. Ta dafa, ta yunƙura, gumi ya karyo mata, ta koma daɓas.

"Inna, an gama kamfen fa. Ki daina."

"Ban fara komai ba balle in daina."

Ya kama ta ta nan, Fauziyya ta kama ta can, suka tsayar da ita. Suna saki ta tafi, suka tare.

"A kai ta wurin likita, Ustaz," in ji Fauziyya a hankali.

"A keken guragu? Ta tsakiyar Abbasiya? Bayan na rubuta wa duniya cewa ta warke?" Ya share goshi. "Bayan walima. Kwana nawa ne. Tsamin jiki ne kawai."

Saura bidiyo. Fauziyya ce ta tuna cewa Mahasin tsawonsu ɗaya da Inna, kuma in an kalle su ta baya ba a rabewa. Ta sauka ta ce mata Inna ta warke sarai, kunyar kyamara take ji, kuma tana tsoron bakin mutane. Mahasin ta ce don Hajja Murja ko cikin kogin ne za ta shiga. Aka ɗaura mata atamfar Inna mai ganye-ganye, aka yafa mata mayafinta, aka ba ta sandar. Sai da aka yi ta maimaitawa a kan gadar, don Mahasin tafiyar matan Omdurman na Sudan take yi, tana rangaji, Ishaq yana bin ta a baya da waya yana cewa, "Rage yanga, ya Mahasin, daga asibiti kika fito." A ƙarshen bidiyon ta jingine sandar a jikin ƙarfen gada ta ci gaba da tafiya hannu sake. Aka saka waƙar yabo a ƙarƙashi.

Washegari Husaina ta kira, muryarta kamar ranar Sallah.

"Inna, mun gan ki. Har kin yar da sanda. Duk unguwa an shigo kallo, maƙwabcinmu Baba Ya'ƙub har da hawaye. Ni na dawo gida tun shekaranjiya, watan ya kama. Itacenki yana nan ba wanda ya taɓa. Me kike jira kuma?"

Inna ta dubi ƙafar da ke miƙe a kan katifa.

"Ina nan tafe," ta ce.

Da tana da lafiya, a Gumel kuka ake yi mata. Yanzu da ta nakasa, ana ta yi mata barka. A gidan ma dokar ta juya, da ana ɓoye ta don kada a ga tana tafiya, yanzu ana ɓoye ta don kada a ga ba ta yi.

Ranar walima, bayan la'asar, falo ya cika. 'Yan kasuwa a kan kujeru, ɗalibai a kan darduma, an dafa shinkafa da kaza, Mahasin ta hawo tana taya Fauziyya zuba zoɓo. Aka aro na'urar haska hoto a bango. An ja wa Inna ƙofar ɗakinta, amma ba a sa makulli ba. Sun san ƙafar ta ishe su makulli.

Ishaq ya yi jawabi a kan gaskiya da riƙon amana tsakanin ƙungiya da masu ba ta. Aka kunna bidiyo. Ana ta Masha Allah. Sai Inna ta jiyo muryar Alhaji Badamasi ta cikin ƙofa.

"To ina ita Hajiyar? A fito da ita mu gaisa mana."

"Wallahi Alhaji, ta fita motsa ƙafa," in ji Ishaq. "Yanzu ba ta zama. Mu kanmu sai mun yi da gaske muke ganinta."

Aka yi dariya.

Inna ta yaye bargon. Ta zame daga gado zuwa ƙasa, ta zauna, ta dafa hannu biyu a baya ta fara jan jiki, ƙafar dama tana gaba a miƙe. Ta kai ƙofa, ta miƙa hannu ta murɗa. Ta ratso ɗan lungun da ke tsakanin ɗaki da falo. Ɗaliban da ke bakin ƙofa ne suka fara ganinta, suka matsa. A bango, matar da ke sanye da atamfarta tana jingine sanda a jikin gada.

"Salamu alaikum," in ji Inna, tana haki. "Na dawo daga motsa ƙafar."

Ta ɗaga kai ta kalli bangon, ta kalla sosai, don ba a taɓa nuna mata ba.

"Mahasin, ashe zanen ya karɓe ki."

Mahasin ta ajiye jug ɗin zoɓo a ƙasa. Ta dubi Fauziyya. Ta zo ta durƙusa ta taɓa gwiwar, ta ji ta kamar dutse.

"Ya Hajja, tun yaushe?"

"Tun azumi." Inna ta juya wajen mazan. "Ku yi haƙuri na katse muku cin abinci. A cikinku wa yake da mota? So nake a kai ni wurin likitan nan. 'Yata ta shiga watanta."

Ishaq ya miƙe. Ya ce jama'a, wannan shi ake kira koma-baya, yana faruwa bayan aiki, kuma a gaskiya yana nuna cewa buƙatar ba ta ƙare ba. Yana magana hannunsa yana laluben aljihu, har wayar ta fito rabi, don hasken da ke shigowa ta taga ya faɗo daidai a kan fuskar Inna.

"Mayar da ita aljihu, Ustaz," in ji Alhaji Badamasi.

A kan kujerar roba aka sauko da ita, ɗalibai na riƙe da ƙafafun kujerar, Mahasin na tallafe da ƙafar Inna a gaba don kada ta bugi bango a kwana. Duk Abbasiya ta gani.

Likita ya duba, ya yi tambaya, Alhaji ya fassara, likitan ya cire tabarau ya sake tambaya don yana zaton bai ji daidai ba. Ya ce gwiwar ta ƙage. Sai an sa ta barci an lanƙwasa da ƙarfi, sannan watanni na gashi da motsa jiki, kuma ba zai yi alkawarin za ta koma yadda ya sallame ta ba.

Tana asibitin Husaina ta haihu, mace. Wata maƙwabciya ce ta yi mata wankan, da itacen Inna. An ce Husaina ta yi mata wayo, ruwan bai taɓa yin zafin kirki ba.

Ishaq ya zo dubiya da lemo. Ya ce ya yi nazari, ya gano matsalar daga sadarwar cikin gida take, ba a fahimci juna ba. Ya ce ko a horo an faɗa musu kowane kamfen yana da darasi. Inna ta tambaye shi labarin Zara. Ya ce ana nan ana wankin, Alhaji ya ɗauki nauyinta shi kaɗai, tun ranar da aka gaya masa labarinta da baki, ba hoto.

"Ashe ana iya tambayarsa kawai," in ji Inna.

Ishaq ya ce wannan wata dabara ce daban, ba su kai wurin ba a horon.

Ƙungiya tana nan, tana kuma taimakon mutane, ban hana ta wannan ba. Amma a gidan nan an ciyar da tsohuwa, an wanke mata kaya, ba a taɓa ɗaga mata murya ba, kuma a haka aka karɓe mata ƙafa, kowa yana cewa don Allah yake yi. Bidiyon ma yana nan a shafin, ba a cire ba, wai ya fi kowane yawan masu kallo. Har yau akan samu mai rubuta Masha Allah a ƙarƙashinsa.

Da aka sallame ta, Inna ba ta koma hawa na huɗu ba. Ɗakin Mahasin ta sauka. Kullum da safe, in rana ta ɗan ɗaga, Mahasin takan ajiye kwanon lallenta ta kamo ta, su fito dogon lungun da ke gaban ƙofa. Inna ta dafa sanda da hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗar Mahasin, ta tsaya tana kallon ƙasa kamar mai shirin tsallaka rafi.

"Yalla, ya Hajja."

"To, wuce gaba kaɗan in gani," Inna takan ce. "Ke da kika iya tafiyata, nuna mini yadda nake yi."